Ranar da Inna ta ƙi faɗin sunan Yaya Garba

Watan da anka gama yaƙin basasa, wata Asabar da hantsi, anka tara uwayen soja filin firamaren unguwarmu nan Argungu. Ni na san filin ciki da bai, don nan nika langa tun da Malam ya kore ni aji uku, wai bakina ya fi ƙwaƙwalwata aiki. Ranar ya kamata in kasance fadama ina korar tsuntsaye gonar shinkafa. Na bar musu ita su yi buki, na jawo Inna da ƙyar, ƙamshin albasa bai ko bar hannunta ba.

Tsarin mai sauƙi ne. Kowace uwa ta miƙe, ta faɗi sunan ɗanta da bakinta, akawu ya rubuta cikin waɗanda za a karanta gaban jama'a, a miƙa mata turmin atamfa, a yi tafi. Maƙwabciyarmu Maman Bitrus, Kirista ce daga Jos, ta tashi ta faɗi nata har da lambar soja, anka yi guɗa. Sai anka zo kan Inna. To Yaya Garba, masuncin da ya tafi yaƙi bai dawo ba, shi ne ɗanta na fari, kuma tun da ta haife shi kunya ba ta bari sunanshi ya fito bakinta ba. "Wancan" taka ce mishi, in ta ji daɗi "mutumen."

Akawun baƙo ne, ga wando mai kari awa wuƙa. Ya ce, "Baba, sunanshi?" Ta ce, "Yaron nan dai." Ya sake tambaya, ta ja mayafi ta dubi ƙasa. Na ɗaga hannu in faɗi, ya ce in ba ni na yi naƙudar ba in zauna. Ya ɗora alƙalami kan layi na gaba. Na ga dai za a tsallake Yaya da gaske, a watse ba a ambace shi ba.

Sai na haye benci na juya ga mata. "Haba iyayena! Wace ce nan ba ta ci giwan ruwan wancan ba? Kun cinye kifi kun mance mai homa?" Maman Bitrus ta fara, sauran sunka ɗauka baki ɗaya, "Garba na Inna!" har 'yan kasuwa sunka leƙo. Akawu ya dubi Inna, ta gyaɗa kai sau guda. Ya rubuta. Da munka isa gida ta murɗe mini kunne saboda shinkafa, kuma ta ƙara mini tuwo.

Yau ina jin mata cikin mota suna ƙwala wa 'ya'yan fari kira ta waya, da suna da laƙabi, kuma ban ga laifinsu ba. Inna ta yi shekaru bayan nan, ta koma ga Allah ba ta faɗa ba. Mu dai munka riƙa faɗa mata, tana saurare.