Dashen da Aka Binne da Ledarsa

Shekara talatin da huɗu ya yi a gandun rainon bishiyoyi na hukumar gari, har mutane suka manta sunansa suka koma kiransa Baban Dashe. Da ɗiban ruwa ya fara tun yana saurayi. Karatunsa bai wuce sa hannu a takarda ba, amma in ka nuna masa ganye ɗaya zai gaya maka ko ƙishirwa ke damun shukar ko tsutsa ce a saiwa. Matarsa kan ce da a leda aka haifi 'ya'yansu, da sun fi samun kulawarsa. Dariya kawai yake yi, don ya san da gaskiyarta.

A shekararsa ta ƙarshe kafin ritaya ya raini dashe ɗari shida. Shi ya tsinto irin, ya cakuɗa ƙasa da taki, ya cika ledojin ɗaya bayan ɗaya. Burinsa ya bar inuwa a sabon titin asibiti, inda masu jinya ke tafiya rana na dukansu babu wurin fakewa.

Ana haka aka ƙaddamar da shirin ci gaba mai ɗorewa. Wani jami'i ya zo da babbar mota ya kwashe dashen, ya sa aka manna wa kowace leda tambarin shirin.

"Ranka ya daɗe, a tabbata an tsaga ledar kafin a binne," in ji Baban Dashe. "In ba haka ba saiwar za ta nannaɗe ta shaƙe kanta."

"Baba, masana ne suka tsara aikin nan. Kai dai ka huta."

Ba a gayyace shi taron dasa bishiyoyin ba. Washegari ya hau kekensa ya je titin asibitin ya gani da idonsa. Layi ya miƙe tsaf, gwanin sha'awa, amma kowane dashe da ledarsa aka binne shi, an ma bar bakinta a waje don tambarin ya fito a hoto. Masana ke nan! Don takaici ya zauna a bakin kwata.

Da ya huce sai ya zaro 'yar wuƙarsa ya durƙusa. Ya tone, ya tsaga leda, ya warware saiwa a hankali, ya mayar, ya danne ƙasa da tafin hannu. Kwana uku yana rarrafe a titin nan da gwiwoyin da suka daɗe da gajiya, ya ceto ɗari da ashirin. A rana ta huɗu wani mai wucewa ya ɗauke shi a waya, kafin yamma gari ya ɗauka cewa ga wani tsoho can yana tumɓuke bishiyoyin hukuma. Aka sa mai gadi a titin, shi kuma aka kira shi gaban kwamiti.

Ya je da dashe ɗaya a hannu don ya nuna musu yadda saiwar ta fara murɗewa. Babu wanda ya ko kalli saiwar.

"Wato har wani ka sake tugowa ka kawo mana?" in ji shugaban kwamitin. "To ai ka hutar da mu neman shaida."

Takardar kwamitin ta iso gida saura wata biyu ya yi ritaya. Babbar 'yarsa ce ta karanta masa a tsakar gida, uwar na tsaye a ƙofar kicin. Da ta kai tsakiya sai ta tsaya.

"Ci gaba mana," in ji shi.

"Sun ce an kore ka daga aiki, Baba. Wai saboda lalata muhalli."

Uwar ta saki salati. Shi kuwa ya ɗago ya dubi 'yarsa.

"Sauran fa? Sun ce za su tsaga ledojin?"

Ta sake bin takardar daga sama har ƙasa, ta juya bayanta ta duba.

"A'a, Baba. Ba su ce ba."