Sajen da Bai Taɓa Cin Dara a Bulumkutu Ba

Da an idar da sallar la'asar, Saje Abdulwahab zai jefa ɗan gwangwanin ƙwallon dabino a aljihun jamfarsa, ya tari keke napep daga Abbaganaram zuwa Bulumkutu, nan cikin Maiduguri. Masu keken har tsokanarsa suke yi: "Baba Saje, yau ma za a je a sha kashi?" Sai ya ce, "Kai dai ja mu tafi, ɗan nan." Kuma kashin yake zuwa sha. Shekaru ke nan yana buga dara a ƙofar gidan Othniel, ba wanda ya taɓa ganin ya ci.

Abin ya faro ne a Darfur, lokacin da aka tura sojojinmu kiyaye zaman lafiya. A sansaninsu, Saje aka ɗora wa kula da tantin shaƙatawa. Aiki ne da kowa ya raina. Akwai talabijin mai yawan ɗaukewa, da ƙwallo, da teburin tanis mai ƙafa uku, an tokare ta huɗu da bulo. Saje ya haƙa gurabun dara a yashi ya ƙara.

Kofur Babakura, wanda suka yi zaman tare, ya ce Saje ba wasan yake kallo ba, fuskoki yake kallo. Duk wanda ya daina leƙo tantin, zai bi shi har makwancinsa. Haka ya bi Othniel, matashin soja daga kudancin Borno, wanda ya daina magana tun ranar da aka yi musu kwanton ɓauna aka kashe abokinsa a gefensa. Saje ya zaunar da shi gaban dara, ya riƙa tafka kuskure da gangan, yana jan wasan. A kwana a tashi, ran nan Othniel ya kasa haƙuri ya ce, "Haba Oga, ko makaho ba zai sa a nan ba!" Babakura ya ce a ranar sai da Saje ya zagaya bayan tanti ya share hawaye.

Sai wasu manya a ofis suka ga kuɗin da ake kashe wa tantin ɓarna ce, wai yaƙi aka zo ba biki ba. Aka mai da wurin ma'ajiyar kaya, aka tura Saje gadin ƙofa. Kafin a ankara Othniel ya koma shirunsa, har aka dawo da shi gida ba ya cikin hayyacinsa. Wannan abu yana ci mini rai, domin abin da aka rage bai kai ya kawo ba, mutum kuwa an rasa rabinsa.

Kai ne, Saje, ka yi ritaya ka nemi gidan Othniel da ƙafarka. Kai ne Dorothy, matar Othniel, ta buɗe wa ƙofa tana kuka, ka ce mata, "Madam, ba ni tabarma kawai." Ba dangin iya ba na baba, ba masallaci ɗaya ba, ba coci ɗaya ba, amma kai ka zauna da shi. Dorothy ta shaida cewa duk yinin duniya mijinta ba ya buɗe baki sai a gaban darar nan, inda yake yi maka tsiya har magariba, sannan ya shiga ya ci abinci ya tambayi yara makaranta. Gwarzo mai haɗiye girman kai, an ba wasu lambar yabo, kai ko sannu ba a ce maka ba.

Yanzu idon Saje ya ƙi. Makon jiya 'ya'yansa suka tafi da shi Kano, can zai zauna. Tsofaffin sojoji sun gwada maye gurbinsa, amma soja da son nasara! Kowa ya zo sai ya lallasa Othniel cikin ɗan lokaci, ya karkaɗe riga ya tafi. Othniel ya soma komawa ɗaki.

Dorothy ta ce ta lallaɓa shi, ta ce Baba Saje zai dawo ya ƙara shan kashi. Sai ya dube ta ya ce, "Ai tun a Darfur na san barina yake yi in ci. Ban faɗa ba ne don kada ya daina zuwa."

Mun gode, Saje Abdulwahab. Allah ya ba ka lafiyar ido, ya saka maka da abin da mu muka kasa. Masu ware kuɗin sojojin da ake turawa ƙasashen waje, ku daina fara yanka daga tantin wasa. Ku kuma mutanen Maiduguri, in akwai wanda ya iya dara kuma zai iya jure a yi masa dariya, Dorothy tana shimfiɗa tabarma kullum da yamma, har yau ba a samu mai zama ba.