Mama Rifkatu Mai Ɗanɗano

Duk wanda ya tashi a layinmu na unguwar New Bell, a birnin Duwala, ya san cewa idan azumi ya kama, da la'asar sakaliya mutum ɗaya ake nema, kuma ba liman ba ne. Mama Rifkatu ake nema. Ita kaɗai ce Kirista a gidanmu, don haka ita kaɗai ce bakinta yake a buɗe da rana. Sai ka ga ta gyara ɗaurin zani ta ɗauki cokalinta, tana bi ƙofa ƙofa tana ɗanɗana wa mata miya da kunu. Malamai sun sha faɗa cewa mai azumi na iya taɓawa a harshe ta tofar, amma matan layinmu suka ce a bar su da Rifkatunsu. In ta ce a ƙara gishiri, a ƙara. In ta ce ya isa, ko maigida ya yi ƙorafi sai a ce ya je ya same ta.

Ni sunana Zulfa, jikar mai gidan. Kakata, wadda kowa ke kira Tsohuwa, ita ta raine ni bayan rasuwar iyayena, kuma ita ta ba Mama Rifkatu da mijinta hayar ɗakin da ke kusa da rijiya tun ba a haife ni ba. Daga wani ƙauye kusa da garin Gidar suka zo, can arewacin ƙasar. Mijin ya yi dako a tashar jiragen ruwa har ƙarfinsa ya ƙare, ya rasu, kuma Allah bai bar musu ɗa ko ɗaya ba. Ita kuwa ta ci gaba da suyar ƙosai a bakin layi. Hausarta gauraye take da Fillanci, Faransancinta kuwa sai dai a bar wa Allah.

A wani ofis nake aiki a unguwar Bonanjo, inda komai sai da tsari da lokaci. Ba ni da haƙuri, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa ba. Shi ya sa wani hali nata ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ka kawo mata shawara mai kyau, wadda ko makaho ya shafa ya san mai kyau ce, sai ta ce, "Bari in ji ko an sallame ni."

"Wa zai sallame ki, Mama?" na taɓa tambayar ta ina yarinya.

"Mai gida mana," ta ce, tana nuna sama da matsamin ƙosai. "Ke a gidanku baƙo yana tashi ya kama hanya ba a sallame shi ba? To ni baƙuwa ce a duniyar nan. Da safe nakan durƙusa in gaya wa Ubangiji abin da na shirya, duka, ba na rage komai. In na tashi zuciyata ta kwanta, an sallame ni ke nan. In ta ƙi kwanciya, sai in koma in zauna."

Kada wani ya ɗauka ba ta da shiri. Ni da nake taƙama da tsari ban kama ƙafarta ba. Buri guda ta riƙe shekara da shekaru: ta koma gida ta noma gonar uwarta, wadda yayanta Istifanus yake riƙe mata, in ajali ya zo a binne ta cikin danginta. Kwanon rufi, ƙofa, taga, ɗaya bayan ɗaya take saya ta aika a motar kaya, har aka tayar mata da ɗaki a can. Gonar kuwa ta san ta kamar yunwar cikinta. Mun sha labarin tsamiyar da ke gabas, da inda ruwa ke kwanciya, da jar dawar da ta ce babu irinta a kasuwannin Duwala kaf.

Ana nan sai Yaya Istifanus ya bugo waya. Ya ce tsufa ya kama shi, 'ya'yan kawunsu kuma sun matsa. Dattawan gari sun yanke magana: in ba ta zo ta sa fartanya a gonar da hannunta kafin damina ba, za a raba musu. Mama Rifkatu ta yi addu'arta, ta fito fuska a sake ta ce an sallame ta. Matan zumuntar cocinsu suka zo tsakar gidanmu da anko, suka yi mata waƙar ban kwana da kiɗan tulu, matan layinmu na leƙe suna share hawaye. Ta ba wata maƙwabciya kaskon suyarta. Ni da kaina na je na yanko mata tikiti, don na san in na bar ta za ta ce sai ta sake tambaya.

Ana saura kwanaki kaɗan ta tafi, Tsohuwa ta faɗi a bakin rijiya. Ɓarin jikinta ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Da muka dawo da ita daga asibiti sai wata sabuwa ta ɓullo: ta ƙi cin abinci. Tsohuwa mace ce mai ji da kanta, ba ta yarda jikarta ta ga kunu yana zubo mata ta gefen baki ba. Na yi lallashi, na yi faɗa, na kawo mai jinya, ta datse haƙora ta juya wa bango fuska. Sai da Mama Rifkatu ta shigo da cokalin nan nata, ta kore mu waje, ta ce, "Ƙawata, ni ce. Buɗe, babu mai kallon ki." Tsohuwa ta buɗe baki.

Ranar tafiya da safe na fito zan kira mata bensikin, wato ɗan acaɓan da zai kai ta tasha, sai na tarar ta kwance ƙullin kayanta tana jera kwanoni a inda suke da.

"Mais non! A'a, Mama. Me kike yi haka?"

"Ina zama."

Raina ya ɓaci. Ina son matar nan, kuma na ji kunya a ce gidanmu ne zai cinye mata burinta. Na ce, "Kakata ce fa, nauyina ne, ba naki ba. Shekara nawa kina tara kwanon rufi? Za ki bar wa 'ya'yan kawu gonar uwarki saboda cokalin kunu? Kuma ai da bakinki kika ce an sallame ki."

"An sallame ni, 'yata. Na kai bakin ƙofa aka kira ni. Baƙo ba ya juyowa ya ce wa mai gida ai ka riga ka sallame ni." Ta ajiye kwanon da ke hannunta ta dube ni. "Kina tsammani ba na son tafiyar? Ina so har cikin ƙashina. Yau da safe na yi kuka a gaban Yesu, na gaya masa abin nan ba daɗi. Amma zuciyata ta ƙi kwanciya a kan tafiya, ta kwanta a kan zama."

"In aka raba gonar fa?"

"To an raba. Wanda ya ba uwata ita bai talauce ba."

A gabana ta kira Yaya Istifanus ta gaya masa. Ina jin muryarsa ta cikin wayar yana faɗa da yarensu, ita kuwa tana ta ba shi haƙuri.

Zan so in ce dattawan sun ɗaga mata ƙafa, amma ba su ɗaga ba. Ruwa ya sauka a arewa, aka raba gonar, ɗakin da ta gina kuma aka sa wani ɗan dangi da ya yi sabon aure. Ranar da labarin ya zo ta zauna a bakin ƙofarta ta yi kuka sosai, ba ta ɓoye wa kowa ba. Washegari ta je ta karɓo kaskonta, ƙamshin ƙosai ya dawo bakin layi.

Haka zaman ya ci gaba. Ita ke ba Tsohuwa abinci, ita ke tuna mata lokacin salla ya yi, ta taimaka mata da alwala, ta juya ta gabas. Idan na dawo daga aiki sai in same su tare, Tsohuwa na jan carbi da hannunta mai lafiya, Mama Rifkatu na tsince wake tana rera waƙar coci a hankali. Ni kuwa ban daina mita ba. Duk lokacin da na tayar da maganar gona sai ta ce, "Zulfa, ke dai da za a ba ki duniya ki riƙe, da kin sa wa damina lokacin tashi daga aiki."

Bayan kaka wani direban motar kaya ya kawo mata ɗan buhu, saƙon Yaya Istifanus. Jar dawa ce, daga gonar. Ko roƙa ya yi, ko 'ya'yan kawun ne kunya ta kama, ba mu sani ba. Ta shafa buhun, ba ta kwance ba, ta tura shi ƙarƙashin gado. Na tambaye ta me take jira, ta ce in bar ta.

Ashe azumi take jira. Ranar farko ta surfa dawar, ta kai niƙa, ta jiƙa tsamiya, ta ɗora babbar tukunyar da ake girkin suna, ta dama kunu na gidan gaba ɗaya. Da la'asar mata suka fito tsakar gida, kowa ta bar miyarta a kan wuta. Mama Rifkatu ta ɗauko cokalinta ta ɗebo, ta hura, ta kai baki. Ta rufe ido, hawaye na bin kumatunta. Babu wanda ya motsa. Ni ce dai, da busasshen maƙogwaro da bakina da ba ya shiru, na kasa jurewa.

"Mama, a ƙara sukari?"

Ta buɗe ido, ta share fuska da bakin zani.

"A'a," ta ce. "Ya yi daidai. Kada a ƙara masa komai."

Sannan ta cika kofin farko, ta ɗauki cokalin, ta shiga ɗakin Tsohuwa.