Radivoje da Kwalaben Tattasai

A birnin Niš kowa ya san Radivoje ba ya jefar da abu. Barandarsa cike take da matattun rediyoyi tun zamanin da yake aiki a masana'antar lantarki, kowacce kuma yana cewa wata rana za ta yi amfani. Irin wannan mutumin aka ɗauka aka damƙa wa makullin rumbun gudummawa na wata manhajar kwamfuta da shi da abokan aikinsa suke kula da ita.

Manhajar tasu ta kyauta ce, ita ce ke sa ƙananan na'urori irin su mitar wuta da famfon ban-ruwa su yi magana da intanet. Duk wanda ya rubuta wani ƙari, a ko'ina yake a duniya, sai ya aiko a ajiye a wannan rumbu don wasu su amfana. Aikin mai makulli shi ne ya duba, ya gwada, ya jera kowanne inda ya dace, ya watsar da wanda ya lalace. Radivoje bai taɓa yin ko ɗaya ba. A wurinsa abin da aka aiko kyauta ce, gwada kyauta kuwa cin fuskar mai ita ne. Jerin ma da sunan mai aikowa yake yi, ba da irin na'urar ba, saboda ɗan halak ba ya manta wanda ya ba shi abu. Mai neman abin da zai yi aiki da mitarsa sai ya yi ta buɗe Goran da Pavel da wani Matti har ya haƙura.

Sannan ga tukuici. Duk kaka matarsa Slavka takan gasa tattasai buhu-buhu a tsakar gida ta niƙa ta dafa ajvar, wani kwaɗon tattasai da ake ɗurawa a kwalba, shi kuma ya bi masu gudummawa da kwalba ɗai-ɗai ta gidan waya. Gudummawa ta yi ta kwarara, musamman idan tattasai ya fara ja. Radivoje bai ga komai a ciki ba sai farin jini. A gidan shan kofi yakan gaya wa tsofaffin abokansa cewa har Finland ana sanin sunansa.

Shugaban aikin shi ne Miodrag, wanda ya tsaya masa shaida ranar aurensa, wato kum ɗinsa, suna ce wa juna kume, kuma ba a ɗaga wa kum murya. Shi ya sa Miodrag ya daɗe yana kewaye-kewaye. Da kukan jama'a ya yi yawa, ya zo gida da kansa, ya sha ƙaramin kofi na barasarsu ta gida, ya ce abokan aiki sun gaji: ko a share rumbun, ko a karɓe makulli.

"Kume, rabin kayan nan ko tashi ba sa yi," in ji shi. "Juji kake gadi."

Ran Radivoje ya ɓaci ƙwarai, don makullin nan shi kaɗai ya rage masa tun da ya yi ritaya. Ya ce a kira taro ta bidiyo, a bar masu gudummawa su yi magana da bakinsu. Ya aika wa kowannensu gayyata, ya sa Slavka ta goge masa farar riga, ya kwashe rediyo biyu daga bayan kujera don kada kyamara ta ɗauka.

Cikin masu gudummawar mutum ɗaya ne ya zo. Wani Nebojša ne daga garin Kragujevac, yana tauna wani abu. Radivoje ya gabatar da shi da alfahari, ya ce wannan bawan Allah duk shekara sai ya aiko da sabon aiki, to ya gaya musu darajar rumbun.

Nebojša ya haɗiye, ya ce gaskiya aikin ɗaya ne, suna kawai yake canza masa duk kaka, kuma ko a karon farko ma bai taɓa aiki ba. Ya ce ai ya zaci kowa ya sani, don abokansa na ofis ma haka suke yi. Daga nan ya matso kusa da kyamara.

"Tunda an haɗu, maigida, na bana mai yaji ne ko marar yaji? Na bara surukata ta ce ya ɗan yi gishiri."

Babu wanda ya yi dariya, abin da ya fi ƙona Radivoje ke nan. Slavka da ke tsaye a ƙofar kicin ta kalli ƙunar da ke yatsunta, ta koma ciki.

An karɓe makullin. Miodrag ya gwada komai, ya jera bisa irin na'ura, abin da ya tsira bai cika allo ɗaya ba. Masu amfani da manhajar suka yi ta sa albarka. Gudummawa kuma ta ɗauke cak da tattasai ya fara ja.

Slavka dai ta riga ta sayi buhunan, don haka ta gasa. Kwalabe suka yi layi a baranda tsakanin rediyoyi. Da Miodrag ya zo karɓar tasa kwalbar ta kum, ya tambaya cikin jin kunya ko wani daga cikin mutanen ya tuntuɓe shi ya yi masa jaje.

Radivoje ya ce Nebojša ya kira, yana tambaya ko sabon tsarin ya shafi kwalba.

"Me ka ce masa?"

"Me zan ce, kume? Mutum ya tuna da ni." Ya gyara murfin wata kwalba da bai karkace ba. "Jiya na kai masa tasa gidan waya. Na sa Slavka ta rage gishiri."