Ranar da Na Tsare wa 'Yar Fari Ƙofa

A wurinmu a Fagam uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta shiga rigimarsa. Ni da aka sani da baki, 'yar farina "ke" kawai nake ce mata. Da ta zama likita ban yi guɗa ba, madafa na shige na yi murnata ni kaɗai. Da ta ce za ta koma karatu ta ƙware a ciwon huhu da jinyar waɗanda rai ya kai maƙogwaro, mutane suka ce, "Likita kuma ya koma ɗalibi?" Ban tanka ba, alhali ni ma sai da furfura ta fito na shiga ajin yaƙi da jahilci, na san daɗin abin.

Tana cikin wannan horon a asibiti a Birnin Kudu, numfashi ya sarƙe wa yayan mijina bayan sussukar gero. Aka kwantar da shi a asibitin, a ɗakin da na'ura ke taya mutum numfashi. Babban likitan da ke koyar da ita ya ce ba ita za ta duba shi ba, tun da baffanta ne. Aikinta yi wa dangi bayani, wai shi ma darasi ne, kuma zai tsaya ya gani.

Washegari muka cika mota, har da 'yan'uwa na Kwandiko, da kunun tsamiya da fura da dafaffen ƙwai. Dubiya a wurinmu a kewaye mara lafiya ne, a dafa goshi, a tofa addu'a, a ɗura masa kunu. Wanda bai shiga ba ya yanke zumunci.

Yarinyar ta fito cikin koren kayan aiki, ta rusuna har ƙasa.

"Gwaggo, ku yi haƙuri," ta ce wa yayar ubanta, murya ƙasa-ƙasa. "Ba a shiga da yawa. Akwai bututu a maƙogwaronsa, ko ruwa ba ya sha ta baki. Ƙwayar cutar da ba za ta yi muku komai ba, shi tana iya kashe shi."

"Au, mu ne masu cutar? Ni da na goye ki kina tsula min fitsari a baya, yau ni ce ƙazama?"

Aka fashe da dariya, Gwaggo ta kai hannu ƙofa. Na dubi yarinyar, idonta ya ciko. In ta ɗaga murya, an ce boko ya lalata ta. In ta kauce, ran baffanta ne. Ga malaminta can ya harɗe hannu.

Na ajiye ƙwaryar fura, na shiga tsakani.

"Yaya, janye hannunki."

"Ke kuma fa? Yaushe uwa ta fara shiga zancen 'yar fari?"

"Yau. 'Yata ce, ni na haife ta. Abin da ta sani a kan huhu, duk ƙasarmu ta Gwaram a tara mu ba mu san rabinsa ba. Ta gama zama likita ta sake duƙawa tana koyo saboda rana irin ta yau, ke kuma za ki rusa mata da kofin kunu?"

"Marar kunya!"

"Kunyar na bar ta a mota."

Sai na ji muryar yarinyar a bayana, ta miƙe tsaye yanzu. Ta ce mutum ɗaya zai shiga, ya wanke hannu, ya rufe hanci da baki, ya yi addu'a ba tofi. Kuma Gwaggo ce, don ita ce babba. Da kanta ta ɗaura mata takunkumin.

Gwaggo ta jima kafin ta fito. Ta zauna daɓas a ƙasa ta ce, "Yana jina. Ya matse min yatsa." Kunun kuwa masu jinya da ke ƙarƙashin bishiya suka sha.

Baffan ya dawo gida a rame, amma da ƙafarsa. Gwaggo ta ɗauke min gaisuwa har bayan sallah. Rannan sai ga ta a tsakar gidana tana tari, ba ta ko dube ni ba.

"In 'yar taki ta zo hutu," ta ce, "ki ce ta saurara min ƙirjin nan."