Allurar da Aka Yi wa Yaya Sale

Shekara huɗu ke nan da muka kai Yaya Sale makwancinsa, a ƙauyenmu da ke tsakanin Kura da Bunkure. Wana ne uwa ɗaya uba ɗaya, kuma da guminsa na gama makarantar horon malamai. Duk shekara in lokacin ya zagayo, nakan yi masa addu'a in ja bakina. Bana shirun ya gagare ni.

Shekarar da aka fara sako ruwan madatsar Tiga cikin magudanan da aka haƙa mana, Yaya na cikin waɗanda suka fara shuka alkama da rani. Mutum ne da bai iya cewa a'a ba. In maƙwabci ya ce ranar ban ruwansa ta zo ga shi ba ya jin daɗi, Yaya zai naɗe wando da sassafe ya shiga ruwan nan mai sanyi ya yi masa. A haka mura ta kama shi. Inna, mahaifiyarmu, ta dafa masa citta da kanumfari, ba wanda ya ɗauki abin da zafi. Sai tarin ya sauka ƙirji, zazzaɓi ya biyo baya, har ya zama in ya ja numfashi sai ya dafe haƙarƙari.

Gidanmu muna da likitanmu. Tsohon malamin asibiti ne, aminin marigayi mahaifinmu, duk muna ce masa Baba Likita. Shi ya san ciwon kowa a gidan tun muna yara. A yankinmu kuwa, in ba a yi wa mutum allura ba, to ba a yi masa magani ba. Ya zo a kan kekensa, ya tafasa sirinji, ya ce penisilin ne, ya tsira masa. Inna ta yi ta sa masa albarka har bakin zaure.

Jiki ya ƙi. Na samu direban da ke kwasar tumatir ya yarda ya kai mu asibiti a Kano. Yaya ya riƙe hannuna, yana magana da ƙyar: "Habu, mu tsallake Baba Likita yana tsaye a kanmu? Da wane ido zan dube shi?" Wanda bai san mu ba zai ce wauta ce. A wurinmu kara ce, domin tsallake likitan gida tamkar ka ce masa bai iya ba ne a bainar jama'a. Baba Likita na zaune a wajen, ya ji komai. Abin da ya ce kawai shi ne a bar allura ta yi aikinta. Ya ci gaba da zuwa yana yi, har Allah ya karɓi ran Yaya kafin a yanke alkamarsa.

Watan jiya Inna ta fara tari, na je kemis ɗin da Baba Likita ya buɗe a bakin titi. Na tarar wani magidanci ya kafe sai an yi masa penisilin saboda majina. Da ya fita, Baba Likita ya yi dariya ya ce da ni: "Mutanenmu ke nan, sai allura. In magani ya yanke, ruwan haɗa allura zalla nake tsira musu, su tafi suna godiya. Ai sanyin shekarar da aka fara alkama, ko kwalbar penisilin ɗaya babu a jakata." Sai ya tuna da wanda yake magana. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Habu, kwana ne ya ƙare."

Na yi imani da ajali, ba sai an tuna mini ba. Ban kuma ce lalle da Yaya ya rayu a Kano ba. Abin da ke cin raina shi ne kalma ɗaya ta isa: ba ni da shi, ku tafi. Yaya ya tsare mutuncin mutumin nan da numfashinsa, shi kuwa ya ga faɗin wannan kalma ya yi masa tsada. An ci amanarmu, kuma wanda muke kira Baba ne ya ci.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga yau. Gonakin rani sun ƙaru, kafso ja da rawaya ana tallansa a faranti ranar kasuwar Bunkure, mutum ya sha biyu ya ji sauƙi ya miƙa wa ƙaninsa ragowar. Likitan da ya ce mura ba ta bukatar allura, sai a ce bai san aikinsa ba. Mu ma muna da hannu, mu muka koya musu cewa tsini muke so, ba gaskiya ba. Amma na san Yaya. Da yana nan, uzuri zai nema wa Baba Likita, ya ce tsoho ne, kunya ce ta hana shi. Wannan halin nasa shi ne abin da ya bar mana, har yanzu maƙwabta da shi suke tuna shi, kuma ban san ko in yi alfahari da shi ko in yi kuka ba.

Tarin Inna ya sauka ƙirji a makon da ya wuce. Na ce mu tafi Kano, ta ce ba za ta tsallake mutumin da ya tsaya wa ɗanta har ƙarshe ba. Na durƙusa a gabanta na gaya mata abin da na ji a kemis, ban rage komai ba. Ta saurare ni har na gama. Can ta ce, "Shekara huɗu ina sa shi cikin addu'ata bayan kowace salla." Ta miƙe da ƙyar tana dafa bango, ta ce in ɗauko mata mayafinta mu tafi Kano.