Hallbera da Ɗakin da Ta Gina Mana a Cikin Waya

Kafin Hallbera Ketilsdóttir ta ɗora kofi, kafin ta zuba wa tumakinta ciyawa, sai ta leƙa ƙaramin ɗakin da ke bayan kicin ɗinta. A nan kwamfutar take, baƙa, ba ta kai akwatin kifi girma ba, tana ta huci a hankali. Takan tsaya da rigar sanyi a kafaɗa ta duba ko saƙonnin jiya sun isa duka, ko akwai gidan da wayarsa ta kasa shiga, ko batirin ko-ta-kwana ya cika. In komai lafiya sai ta rubuta mana, "Akwai santsi a gangaren coci," sannan ta tuna da cikinta. Shekara goma sha wani abu ke nan tana haka. Wannan watan za ta miƙa aikin ga ƙungiyar manoman kwarinmu, domin idanunta sun gaji. Ni ba mai saurin yabo ba ne, 'ya'yana shaida ne. Amma yabon gwani ya zama dole.

A Reykjavík, babban birnin ƙasarmu, take aikin rubuta manhaja, har mahaifinta Ketill ya rasu ta dawo ta riƙe gona. Ta tarar da mu yadda ta bar mu: gida nan, gida can, duwatsu a tsakani, sabis ɗin waya yana zuwa yana tafiya kamar baƙon da bai yi niyyar zama ba. Manyan manhajojin hira da yaran birni ke yayi, a bayan dutse sai su yi ta juyi ba su aika komai. A cikin hunturu guda ta zauna ta gina mana namu, ta sa masa suna Stofa, wato ɗakin zama. Shafi ne kawai a intanet, ko tsohuwar waya tana buɗe shi. Ka rubuta magana, kafin ka ɗaga yatsa mutanen kwari duka sun gani. An taɓa tambayarta yadda hakan ke yiwuwa, ta ce, "Ƙofa nake bari a buɗe tsakanin wayarka da kwamfutata. In iska ta rufe ta, wayar ta yi ta ƙwanƙwasawa har a buɗe." Ko ni da ban yi nisa a makaranta ba na gane wannan.

Ba a fara gwani ba. A makon farko Hjalti, wanda ke jagorantar mu in za a hau dutse kora tumaki, ya rubuta, "Wa ya ga ragona?" Sabis ya yanke, wayarsa ta sake aikawa, ta sake, har tambayar ta cika shafi. Matar maƙwabcinsa ta amsa, "Hjalti, garken ne duka ya gudu, ko yatsanka ne ya maƙale?" Hallbera ba ta yi dariya ba. Ta koma ta yi wa kowane saƙo shaida, kamar yankan kunnen da muke yi wa tumaki, ta yadda wanda ya riga ya shiga garke ba ya shiga sau biyu. Tun ranar ba a sake ba.

Abin da ya jawo mata surutu wani ɗan rubutu ne da kan fito a ƙasan shafi, "wane yana rubutu", tun mutum bai aika ba. A taron ƙungiya maza suka taso mata. Tsoho Eyvindur, abokin mahaifinta, shi ya fi zafi.

"Halla, cire mana wannan ɗan gulmar. Mutum ba zai tauna maganarsa a ɓoye ba?"

"Abin da ka tauna ba mai gani, Eyvi, har ni. Haka na gina shi."

"To me ya kawo sunana yana rawa a ƙasa?"

"A ɗaki, in mutum ya buɗe baki ya rufe, ai ana gani. Ɗaki na ce zan gina muku."

"Taurin kan Ketill ne, ba ki bar ko kaɗan a ƙasa ba."

"A wajen abokansa ya koya."

Aka yi dariya, aka bar maganar.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Satumbar shekaru uku da suka wuce aka hau dutse koro tumakin da muke sakewa su yi kiwo a can, kamar kowace shekara. Kowa da yankinsa, tsakaninka da na kusa da kai tafiya ce mai nisa, sai da yamma a haɗu a bukkar dutse. Eyvindur ya kusa tamanin, 'yarsa ta roƙe shi ya zauna ya ƙi. Kuma kowa a nan ya san halinmu: namiji ba ya cewa a zo a taimake shi. Wanda aka sauko da shi a kafaɗa, hawansa ya ƙare. Hali zanen dutse.

Da rana tsaka hazo ya sauko, iska ta juyo daga arewa da ƙanƙara a bakinta. Hallbera tana gida gaban kwamfuta, kamar yadda takan zauna duk ranar hawa. Maza suna ta zuba a Stofa, wannan yana zagin karensa, wancan yana tambayar wa ya cinye busasshen kifi. Sai ta ga "Eyvindur yana rubutu." Ya ɓace, ba saƙo. Can ya sake fitowa, ya daɗe, ya ɓace. Mutumin da tun da aka buɗe Stofa amsarsa ba ta wuce "to" ko "a'a". Ruwa ba ya tsami banza. Ta kira wayarsa, ya ƙi ɗauka. Ta kira Hjalti.

"Eyvi yana cikin matsala."

"Ya ce miki?"

"Shi zai ce? Yana rubutawa yana gogewa."

"To karanta abin da ya goge mana, ba kwamfutar tana hannunki ba?"

"Ba ya zuwa wurina, Hjalti. Na yi musu alkawari."

"Yankinsa kwazazzabai ne birjik. A hazon nan ta ina zan fara? In na tambaye shi a gaban mutane cewa zai yi lafiya lau."

"Kada ka tambaye shi. Ka umarci kowa, har kai, ya ɗauki hoton abin da ke gabansa ya turo. Ka ce kana son ka ga inda hazo ya kai."

Umarnin jagora a kan dutse ba a musa shi. Sai dai Stofa ba ta cika son hoto ba a wurin da sabis ke da rauni, kuma maza da yawa za su turo a lokaci guda. Nan take Hallbera ta rage nauyin hotuna, ta sa na Eyvindur a gaban layi. Hotuna suka fara shigowa: hazo, bayan tunkiya, hancin doki, hazo. Na tsohon ya tsaya a rabi, ƙofar ta rufe. Wayarsa ta ƙwanƙwasa, ta shiga, ta ci gaba daga inda ta tsaya. Da hoton ya buɗe sai ga bangon dutse ta hagu da dama, ga farin ruwa yana zubowa ta wata tsaga, ga takalminsa a gefen hoton yana kallon inda ƙafar mai lafiya ba ta kallo. Bai rubuta ko kalma ba. Ya dai bi umarni kamar kowa.

Hjalti ya san tsagar nan tun yana yaro. Ya rubuta, "Mutum huɗu na gabas, ku same ni a ƙaramar magangarar ruwa, ku zo da igiya." Ba wanda ya tambayi dalili. Suka same shi jiƙe sharkaf, leɓɓansa sun yi shuɗi, ga tunkiyar da ya biyo tana kiwo a sama abinta. Likita a asibitin garin Akureyri ya ce da an jira haɗuwar yamma, da gawa za a sauko da ita. Abin da Eyvindur ya fara ce wa masu cetonsa shi ne, "Wa ya bar yankinsa ba kowa?"

Hallbera, ke ce kika ji maganar da ba a faɗa ba. Na ga masu ƙarfi a kwarin nan, na ga waɗanda suka haƙa hanya a ƙanƙara da shebur, amma ban taɓa ganin wanda ya zauna a bayan kicin ya hango mutum a cikin kwazazzabo ba sai ke. Ke ce kika riƙe asirin tsoho a ranar da tona shi ya fi sauƙi, kuma kika fito da shi da ransa da mutuncinsa. 'Yar Ketill, mai buɗe ƙofa a bayan dutse. Haihuwa nawa aka sanar a ɗakinki, mota nawa aka ciro daga rami, gwauraye nawa suka sami wanda zai ce musu ina kwana a tsakiyar hunturu. Mun gode. Allah Ya hutar da idanunki.

Ku kuma matasa da kuka iya wannan aiki, kada ku ce sai birni. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ita ba kwamfuta kaɗai ta sani ba, ta san mu. Ku koyi biyun. Sauran maganata ga maza ce, tsarata da na bayanmu. Daga bana ba Hallbera a gaban allon kwamfuta tana gadin shirunku. Wanda ya faɗi ya ce na faɗi. Eyvindur bai sake hawa dutse ba, kuma har gobe bai yafe wa tunkiyar nan ba. Ku je gidansa ku ji da bakinsa. Zai ɗingiso da sandarsa ya buɗe muku ƙofa, ya zuba muku kofi da hannunsa.